Ƙarfi Mai Tafiya da Ƙarfi Mai Komowa a Wayar Rediyo

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin na'urorin gidan rediyo, wato wancan ɗaki da akan gina a bayan gari a gindin dogon turken ƙarfe, zai lura da cewa akwai wani ma'auni da injiniya ba ya gajiya da kallonsa. Lambobi biyu ma'aunin nan yake nunawa. Ta farko ita ce yawan ƙarfin lantarkin da ya tashi daga na'urar watsawa ya nufi eriya. Ta biyu kuwa ita ce yawan wanda ya isa bakin eriya ya juyo da baya. A wannan maƙala za mu kira na farko ƙarfi mai tafiya, na biyu kuma ƙarfi mai komowa.

A ɗauka ga ƙananan tashoshi biyu, kowace ma'auninta ya nuna wat 100 sun tafi, wat 4 sun komo. A ido dai babu bambanci tsakaninsu. Amma yana yiwuwa eriyar ta farko tana samun fiye da wat 90, ta biyu kuwa wat 42 kacal take samu, alhali mai ita yana biyan kuɗin man janareta daidai da ɗan'uwansa, mutanen ƙauyukan nesa kuma suna ta murɗa akwatin rediyo ba sa jin kome sai shuu. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda haka ke faruwa. Za mu ga cewa ƙarfi mai komowa alama ce ta rashin jituwa tsakanin waya da eriya, amma ainihin ɓarawon ƙarfin yana cikin wayar kanta, kuma shi ne yakan rufe wa ma'auni baki.

2.0 WAYAR ISARWA DA TURJIYARTA

Wayar da ke haɗa na'urar watsawa da eriya ita muke kira wayar isarwa. Mai karatu zai iya tambaya, me ya raba ta da wayar da ke kai wuta ga ƙwan lantarki a ɗaki? Amsar tana ga saurin kaɗawa. Lantarkin gida yana kai-da-komo sau 50 ne a cikin sakan guda, saboda haka tsawon taguwarsa ɗaya ya kai kilomita 6,000, wayar gida kuwa ko ta kai mita 100 ba a bakin kome take ba idan aka gwada ta da wannan tsawo. Lantarkin rediyo ba haka yake ba. Masu sauraron gajeren zango sun saba jin ana cewa mita 49, kamar inda Rediyon Kaduna ya daɗe yana watsa shirye-shiryensa a kan kilohaz 6090. Mita 49 ɗin nan ba wani abu ba ne illa tsawon taguwa guda. A zangon FM kuwa, a kan megahaz 100, tsawon taguwa mita 3 ne kawai. Wato ke nan wayar da ta hau turke mai tsawon mita 60 tana ɗauke da taguwa 20 ko fiye a lokaci guda, kowace na bin bayan 'yar'uwarta. Da zarar waya ta kai haka, ta tashi daga zama mahaɗi kawai, ta zama hanya wadda ƙarfi ke tafiya a cikinta, yana iya isa, yana kuma iya juyowa.

Wayar tangaraho ce ta fara koya wa masana wannan darasi. A 1858 aka shimfiɗa waya ta farko a ƙarƙashin Tekun Atlantika, daga Ailan zuwa gaɓar da ke cikin ƙasar Kanada a yau, sai aka ga saƙo yana isa a dame, a hankali ƙwarai, wayar ma ba ta fi 'yan makonni ba ta mutu. Wanda ya warware lissafin dogayen wayoyi sosai shi ne Oliver Heaviside, mutumin Ingila da ya bar makaranta yana ɗan shekara 16 ya yi aikin tangaraho. Daga 1876 ya shiga fitar da ƙa'idojin da har yau da su ake aiki, a 1880 kuma ya yi rajistar irin kebul ɗin nan mai waya guda a tsakiya da wani rufin ƙarfe da ya kewaye ta. Irinsa ne muke gani a bayan talabijin: tagulla a ciki, farar roba a kanta, sannan saƙar tagulla, sannan baƙar riga.

Kowace wayar isarwa tana da wata lamba da ake kira turjiyarta ta asali, ana kuma auna ta da om. Ma'anarta ita ce, idan taguwa na tafiya cikin wayar, matsin lantarki kaza yake tafiya tare da kwararar lantarki kaza, kuma wannan rabo ba ya sākewa. Tsawon waya bai shafe shi ba. Abin da ke yanke shi shi ne kaurin wayar ciki, da faɗin rufin waje, da irin abin da ke tsakaninsu. Idan iska ce a tsakani, kuma faɗin rufin ya ninka kaurin wayar ciki sau 2.3, turjiyar om 50 ce. Idan sau 3.6 ne, om 77 ce, kuma a nan asara ta fi ƙanƙanta. Idan sau 1.65 ne, om 30 ce, a nan kuma waya ta fi jure ƙarfi mai yawa. Masu ƙera na'urorin watsawa sai suka raba gardama suka tsaya a om 50, masu talabijin kuwa, da yake karɓa kawai suke yi, suka riƙe om 75.

3.0 DALILIN KOMOWA

Ruwa ba ya tsami banza. Domin mu gane dalilin komowar ƙarfi, bari mu ɗauki igiyar guga. Idan aka ɗaure bakinta ɗaya a jikin itace, aka riƙe ɗaya bakin aka girgiza sau ɗaya, za a ga tudu ya bi igiyar har itacen, sannan ya juyo ya dawo hannu. Itacen bai motsa ba, bai karɓi ƙarfin ba, ƙarfin kuwa ba ya ɓacewa haka kawai, don haka tilas ya komo. Idan kuma aka ƙulla siririyar igiya da kakkaura, tudun yana isa ƙullin sai ya rabu biyu: wani kashi ya wuce, wani ya juyo. In kaurin igiyoyin da nauyinsu ɗaya ne, tudun zai wuce kamar babu ƙulli.

Haka lamarin yake tsakanin waya da eriya. Ita ma eriya tana da tata turjiyar a inda aka haɗa ta da waya. Eriyar nan mai hannu biyu, wadda tsawonta rabin taguwa ne, turjiyarta wajen om 73 ce idan tana nesa da ƙasa. Ta tsaye mai tsawon rubu'in taguwa kuwa, in ƙasan da ke gindinta na da kyau, wajen om 36 ce. Taguwa takan zo cikin waya da rabon matsi da kwarara irin na om 50. In ta tarar da eriya mai om 50, sai eriyar ta shanye ta duka. In ta tarar da wata lamba dabam, eriyar ba za ta iya karɓar matsin da kwararar a yadda suka zo ba, sai ragowar ta juya da baya, kamar amsa-kuwwa daga jikin dutse. Idan waya ta tsinke daga eriya, ko kuma tagullar ciki ta taɓa saƙar waje, babu mai karɓar kome, duk abin da ya je sai ya komo.

4.0 LISSAFIN KOMOWA

Lissafin bai da wuya. A ɗebe turjiyar waya daga ta eriya, a raba abin da ya rage da jimlar su biyun. Sakamakon shi za mu kira kason komowa, wato kason matsin lantarkin da ya juyo. Idan aka ninka wannan kaso da kansa, sai a sami kason ƙarfin da ya juyo. Ga misalai a kan waya mai om 50:

(a) Eriya mai om 50: kason komowa sifiri ne, babu abin da ya komo.

(b) Eriya mai om 75: 25 a raba da 125 ya ba da 0.2. Idan aka ninka 0.2 da kansa an sami 0.04, wato kashi 4 cikin 100 na ƙarfin ya komo.

(c) Eriya mai om 100: 50 a raba da 150 ya ba da sulusi, wato kashi 11 cikin 100 ya komo. Eriya mai om 25 ma haka za ta yi.

(d) Eriya mai om 150: 100 a raba da 200 ya ba da 0.5, wato kashi 25 cikin 100 ya komo.

Akwai sharaɗi guda. Wannan sauƙin lissafi yana aiki ne idan tsawon eriya ya dace da taguwar da ake watsawa. In ta yi tsawo ko ta gaza, takan sami wata turjiya ta biyu wadda ba ta shan ƙarfi, sai dai ta riƙe shi na ɗan lokaci ta mayar, kuma wannan yana ƙara yawan komowa. Lissafin irin wannan hali yana da wahala da alƙalami, shi ya sa Phillip Smith na ɗakin binciken Bell a Amurka ya fitar da wata taswira mai da'irori a 1939, wadda har yau ake kiran ta da sunansa. Wani injiniya a Japan, Tosaku Mizuhashi, ya riga ya wallafa makamanciyarta a 1937.

5.0 TSAYAYYIYAR TAGUWA

To, idan taguwa ɗaya na tafiya, wata na komowa, duka a cikin waya guda, me zai faru? A wasu wurare za su haɗu su ƙara wa juna, matsi ya hau. A wasu wuraren za su rage wa juna, matsi ya sauka. Wuraren nan ba sa gusawa: daga tudu zuwa kwari rubu'in taguwa ne, daga tudu zuwa tudu kuma rabinta. Wannan shi ake kira tsayayyiyar taguwa. Wanda ya lura da tsirkiyar garaya ko ta molo sa'ad da aka kaɗa ta ya ga irinta, domin tsakiyar tana lilo sosai, bakunan kuwa suna tsaye cik. Da irin wannan taguwa ce Heinrich Hertz ya auna tsawon taguwar rediyo a Jamus a 1888, ta hanyar sa ta bugi faifan ƙarfe ta juyo. A 1890 kuma Ernst Lecher na Ostiriya ya wallafa yadda ake yin haka a kan wayoyi biyu da ke jere da juna.

Idan aka raba matsin tudu da matsin kwari, sai a sami wata lamba da injiniyoyi ke taƙaita sunanta da haruffa uku, SWR. Hanyar samun ta ita ce a ƙara kason komowa a kan 1, a ɗebe shi daga 1, sannan a raba na farko da na biyu. A misali na (b), 1.2 a raba da 0.8 ya ba da 1.5, akan rubuta shi 1.5:1. A misali na (c) an sami 2, a na (d) kuma 3. Idan babu komowa ko kaɗan, lambar 1 ce. Idan duka ya komo, lambar ba ta da iyaka. Mai karatu zai lura cewa SWR da kason ƙarfin da ya komo magana ɗaya suke yi da baki biyu, wanda ya san ɗaya ya san ɗaya.

6.0 YADDA AKE AUNAWA

Ta yaya ma'auni ke raba mai tafiya da mai komowa, alhali a cakuɗe suke a waya ɗaya? Dabarar ita ce, ma'aunin yakan ɗebi ɗan samfuri daga matsin lantarki, ya ɗebi wani daga kwararar lantarki. A taguwa mai tafiya, samfuran biyu gaba ɗaya suke fuskanta. A mai komowa kuwa kwarara ta juya baya, don haka sun saɓa. Idan aka haɗa samfuran biyu, rabon mai komowa ya kashe kansa, mai tafiya ya rage. Idan aka ɗebe ɗaya daga ɗaya, mai tafiya ya kashe kansa, mai komowa ya rage. Warren Bruene na kamfanin Collins ya yi bayanin wannan tsari a mujallar QST ta masu rediyon sha'awa a 1959. Akwai kuma sanannen ma'aunin nan Bird 43, wanda ya fito tun farkon shekarun 1950, mai wani ɗan kwano da kibiya a jikinsa: in kibiyar ta dubi eriya ana karanta mai tafiya, in aka juya ta ana karanta mai komowa.

Ga yadda ake amfani da lambobin. Ma'auni ya nuna wat 100 da wat 4. A raba 4 da 100, an sami 0.04. A nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da 0.04, ita ce 0.2. Wannan ne kason komowa, SWR kuma 1.5 ke nan. Ƙarfin da ya shiga wayar bai fito ba kuwa, 100 a ɗebe 4, wat 96 ne.

Sai dai a yi hattara da abu guda. Kuskuren irin wannan ma'auni yana iya kaiwa kashi 5 cikin 100 na cikar allonsa. Wato kwanon da aka yi don wat 100 yana iya yin kuskuren wat 5 sama ko ƙasa, saboda haka ba za a amince da shi ba wajen karanta wat 4. Injiniya mai lura yakan sa ƙaramin kwano, kamar na wat 10, idan ya zo auna mai komowa.

7.0 INA ƘARFI MAI KOMOWA KE ZUWA?

Abin da aka fi ji a bakin masu gyara shi ne, duk ƙarfin da ya komo ya salwanta, ko kuma ya shige cikin na'urar watsawa ya ƙone ta. Walter Maxwell, wani injiniyan eriya na kamfanin RCA, ya fara jerin maƙalu a QST a 1973 domin gyara wannan fahimta, daga baya ya tattara su a littafi a 1990. Bari mu bi maganar da lissafi.

A ɗauka wayar ba ta cin kome, SWR kuma 3 ne, na'urar tana fitar da wat 100, an kuma sa akwatin daidaitawa tsakaninta da wayar. Aikin akwatin nan shi ne ya nuna wa na'urar om 50 da take so. A wannan hali, ƙarfin da ya komo yana isa akwatin sai ya sāke juyawa ya bi sabon da ke fitowa. Ma'auni zai nuna wat 133 sun tafi, wat 33 sun komo. Mai karatu zai yi mamaki yadda na'ura mai wat 100 ta aika 133, to ai 33 ɗin nan su ne ke ta kai-da-komo. Abin da eriya ta samu shi ne 133 a ɗebe 33, wato wat 100 cif. Ko wat guda bai salwanta ba.

Amma babu wayar da ba ta cin kome. Tagulla na ɗumama, robar ciki ma na sha. Duk kewayen da ƙarfi ya yi sai wayar ta karɓi harajinta, zuwa da dawowa. Saboda haka illar komowa ta danganta ne da haɗamar wayar. Ga misalai uku, duka na'urar na zuba wat 100 ta cikin akwatin daidaitawa. Wayar da ke isar da wat 79 idan akwai jituwa, wat 71 za ta isar idan SWR ya kai 3 a bakin eriya. Wadda ke isar da 50, za ta koma 40. Amma buɗaɗɗiyar waya mai layi biyu da iska a tsakani, wadda ke isar da 98, ko SWR ya kai 10 za ta isar da wajen 91. Shi ya sa masu aiki a gajeren zango ba su yar da irin wannan tsohuwar waya ba.

Maganar ƙonewar na'ura kuwa tana da tushe, sai dai a fahimci yadda abin ke aukuwa. Idan babu akwatin daidaitawa, tsayayyiyar taguwa takan sa na'urar ta ga wata turjiya dabam a bakinta. Da SWR 3 a waya mai om 50, abin da za ta gani yana tsakanin om 17 da om 150, gwargwadon tsawon wayar. In ta ga ƙaramar turjiya, kwarara ta yi yawa, turanzista ta yi zafi. In ta ga babba, matsi ya wuce ƙima, turanzista ta fashe. Don haka na'urorin zamani sukan rage ƙarfinsu da kansu idan SWR ya doshi 2, kuma sau da yawa wannan ragewa ta fi asarar cikin waya yawa. Ita ma waya tana shan wuya a manyan tashoshi. Kilowat 10 a waya mai om 50 matsinsa bolt 707 ne, amma da SWR 3 sai ya kai wajen bolt 1,225 a kan tudu, wanda ke iya jawo tartsatsi a mahaɗi. Manyan tashoshin FM da na talabijin sukan nemi SWR kusa da 1.1, inda wat 23 kawai ke komowa daga cikin 10,000.

8.0 INDA MA'AUNI KE YAUDARA

Yanzu sai mu koma ga tashoshin nan biyu na gabatarwa. Ta farko tana da kakkauran kebul mai kyau wanda kusan ba ya cin kome, saboda haka abin da ma'auninta ya faɗa gaskiya ne. Ta biyu kuwa ta yi amfani da siririn kebul ɗin nan RG-58, wanda mita 20 nasa ke cinye kusan rabin ƙarfi a kan megahaz 100. Wat 100 sun tashi daga ƙasa, 50 suka isa eriya. Wat 4 da ma'auni ya gani a ƙasa, su ma rabin abin da ya juyo ne, wato 8 ne suka juyo daga sama. Eriya ta karɓi 50 a ɗebe 8, wat 42 ke nan. Kason da ya komo a bakin eriya 8 ne cikin 50, wato kashi 16 cikin 100, kuma SWR na gaskiya ya haura 2.3, ba 1.5 ba. Wat 54 sun tafi wajen ɗumama roba.

Abin ya fi haka muni. A kan wannan kebul ɗin, ko da iska ta cire eriyar ɗungum, wat 50 za su isa sama, su juyo duka, 25 su iso ƙasa, ma'auni ya nuna SWR 3, lambar da wani zai ce da sauƙi. Wato gwargwadon lalacewar waya, gwargwadon kyan lambar da ake gani a ƙasa. Wannan ya shafe mu sosai a damina. Idan ruwan sama ya sami kafa a mahaɗin da ba a naɗe da kyau ba, yakan bi saƙar tagulla ya sauka, tagullar ta yi baƙi, asara ta ƙaru. A farko lambar na iya hawa, amma bayan watanni sai a ga ta sauka da kanta. Mai tasha ya yi murna, bai san kallon kitse yake yi wa rogo ba. Saboda gudun danshi ne manyan tashoshi ke cika bututun wayarsu da busasshiyar iska ko iskar naitirojin.

Yaudara ta biyu ta fito ne daga eriyar kanta. Injiniyoyi suna da wata na'ura da za mu kira eriyar gwaji, wadda ba kome ba ce illa turjiya mai om 50 da ke mai da ƙarfi zafi. SWR ɗinta 1 ne cif, amma ko maƙwabci ba zai kama shirin ba. Haka nan eriyar tsaye wadda wayoyin gindinta suka ruɓe: turjiyarta ta om 36 tana iya haɗuwa da om 14 na asarar ƙasa ta zama 50, ma'auni ya nuna jituwa, alhali fiye da rubu'in ƙarfin ƙasa yake ɗumamawa. Ma'auni yana faɗin cewa an karɓi ƙarfi, ba ya faɗin abin da aka yi da shi.

Yaudara ta uku ita ce ta tsawon waya. Wasu sukan yi ta yanke kebul kaɗan-kaɗan har lamba ta sauka. A ƙa'ida, SWR ba ya sākewa da tsawon waya sai gwargwadon asararta. In aka ga yana hawa da sauka don an rage taƙi guda, ko don an taɓa kebul da hannu, to galibi lantarki ne ke bin bayan saƙar tagulla maimakon cikinta, kebul ɗin ya zama wani sashe na eriya. Maganin wannan shi ne a sa abin da ake kira balan a bakin eriya, ya tare wannan kwarara.

9.0 HANYOYIN GYARA

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da matakai kamar haka. Na farko, a san asarar waya. Ana cire eriya a sa eriyar gwaji a maimakonta, a auna ƙarfi mai tafiya a ƙasa, a auna shi a sama, bambancin shi ne abincin wayar. A rubuta shi a littafi da kwanan wata, a maimaita bayan kowace damina. Na biyu, a auna komowa a bakin eriya in da hali. In babu hali, a gyara lambar ƙasa da lissafi: wayar da ke cin rabi tana rage kason ƙarfin da ya komo sau 4, don haka a ninka shi sau 4.

Na uku, a yi gyara a inda cutar take. Akwatin daidaitawa da ke ƙasa yana faranta wa na'ura rai, amma tsayayyiyar taguwa tana nan a kan waya. In ana son a kawar da ita, a bakin eriya za a daidaita, ko dai ta gyara tsawonta, ko ta saka guntun waya mai tsawon rubu'in taguwa tsakaninta da babbar waya. Turjiyar guntun nan ita ce lambar da in aka ninka ta da kanta za ta yi daidai da turjiyar waya sau ta eriya. Don haɗa om 50 da om 100 ana bukatar wajen om 71, kebul mai om 75 kuwa ya isa. A tuna cewa a cikin kebul mai daskararriyar roba taguwa na tafiya da kashi 66 cikin 100 na saurin haske, don haka rubu'inta a megahaz 100 wajen santimita 50 ne, ba 75 ba.

Na huɗu, komowar kanta tana da amfani wajen neman inda waya ta lalace. Akwai na'urar da ke aika ɗan gajeren bugu cikin kebul ta ƙirga lokacin da amsa-kuwwarsa za ta dawo. Tunda bugun na cin wajen mita 200 a cikin kashi ɗaya bisa miliyan na sakan, in ya dawo bayan wannan lokaci, zuwa da dawowa ke nan, lahanin yana wajen mita 100 daga ƙasa. Mai hawa turke sai ya nufi wurin kai tsaye.

10.0 KAMMALAWA

A taƙaice, mun ga cewa ƙarfi yana komowa ne idan turjiyar eriya ta saɓa da ta waya, cewa haɗuwar mai tafiya da mai komowa ita ke haifar da tsayayyiyar taguwa, kuma cewa abin da eriya ke samu shi ne bambancin su biyun a bakinta, ba a bakin na'ura ba. Mun kuma ga cewa babbar lamba a kan waya mai kyau ba lalle ta zama asara mai yawa ba, ƙaramar lamba a kan ruɓaɓɓiyar waya kuwa tana iya ɓoye asarar fiye da rabi. Saboda haka duk wanda aka nuna wa ma'auni aka ce masa tasha lafiya lau take, ya kamata ya yi tambaya uku kafin ya yarda: a ina aka sa ma'aunin, nawa wayar ke ci, kuma yaushe rabon da a je ƙauye mai nisa a kunna rediyo a ji ko muryar tana isa kamar bara.